Daga Bakan Gizo zuwa Kwamfuta: Samar da Shimfiɗa daga Layukan Iyaka wajen Taskace Ginin Gargajiya a Ƙasar Danja

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake samar da shimfiɗa daga layukan iyaka a manhajojin zanen siffa mai fuska uku, tare da nuna amfanin dabarar ga mai nazarin ginin Hausawa na gargajiya. An ɗauki rufin soro mai ɗaurin guga da rumbun ƙasa, irin waɗanda aka sani a ƙasar Danja da kewayenta, a matsayin abin misali. Maƙalar ta kawo taƙaitaccen tarihin dabarar, ta fayyace lissafin da Coons ya ɗora ta a kai, sannan ta bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. An nuna da alƙaluma cewa layukan iyaka kaɗai ba su isa su tabbatar da siffar tsakiyar rufi ba, domin shimfiɗar da manhaja ke cikewa da kanta tana iya saɓa wa wadda magini ya shimfiɗa da azara. Daga ƙarshe an ba da shawarar kalmomin fannu da za su sauƙaƙa koyar da darasin da Hausa, da kuma ƙa'idojin da za su hana a taskace kuskure da sunan tarihi.

Fitilun Kalmomi: shimfiɗa, layin iyaka, bakan gizo, ɗaurin guga, azara, rumbu, Danja

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Danja tana kudancin Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Bakori da Kafur, tana kuma iyaka da Jihar Kaduna. Yanki ne na noman masara da dawa da rake da tumatir, kuma ruwan damina ya fi sauka a can fiye da arewacin jihar. Wannan ni'ima da manomi ke murna da ita ita ce babbar abokiyar gabar ginin ƙasa. Soron da aka daina yi wa yaɓe na 'yan shekaru sai rufinsa ya fara yoyo, azara ta ruɓe, baka ya zauna. A garuruwa irin su Danja da Dabai da Kahutu da Tandama, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, bulo da siminti da kwano sun daɗe da zama kayan ginin mai hali, kuma maginan da suka iya ɗaure baka sai raguwa suke yi.

Masana sun yi aiki mai yawa a kan ginin Hausawa. Hamman Tukur Saad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ƙawar ginin a Jami'ar Michigan a shekarar 1981, J. C. Moughtin ya wallafa littafinsa a 1985, sannan aka buga juzu'i uku na aikin Z. R. Dmochowski a 1990. Darajar irin wannan aiki ta bayyana a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Da aka sake fasalin masallacin a shekarun 1970, awo da zanen da aka riga aka yi su ne suka adana cikakken tsarinsa na asali, har aka sami damar gina kwafinsa a gidan adana fasahar gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi karkata ga manyan birane da fadoji, kuma a takarda aka yi su, inda ake ganin tsarin ƙasa da yankan gini amma ba a ganin cikakkiyar lanƙwasar rufi. Zauren mai gari da rumbun manomi a ƙauye ba su cika samun mai aunawa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta koya wa mai nazarin al'ada, wanda ba injiniya ba, dabara guda ɗaya daga cikin dabarun zane a kwamfuta, wato cike sarari da shimfiɗa bayan an zana layukan da suka kewaye shi. Alƙaluman da ke cikin misalan na koyarwa ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

2.0 Ma'anar Kalmomin Fannu

Kafin a shiga darasin ya kamata a daidaita kalmomi. An saba kiran siffar da ke da tsawo da faɗi da tsayi da siffa mai fuska uku. Saboda haka an guji amfani da kalmar fuska ga fatar da ke lulluɓe siffar, don kada ma'ana ta cakuɗe, aka zaɓi shimfiɗa. Shimfiɗa a nan tana nufin fata marar kauri, mai faɗi da tsawo, wadda ke iya lanƙwasa kamar tabarmar da aka ɗora a kan tulu. Layin iyaka shi ne layi miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe da ke bakin shimfiɗar. Ɗigon jagora shi ne ɗigon da ake ja a allo don layi ya karkata wajensa. Sassauci shi ne iyakar tazarar da manhaja ke yafewa tsakanin ɗigogi biyu ta ɗauke su a matsayin ɗaya. Matakin haɗuwa kuwa shi ne irin santsin da ke tsakanin shimfiɗa biyu a inda suka gamu.

Ta ɓangaren gini, azara ita ce tsagin itacen giginya da ake rufi da shi saboda ƙarfinsa da jure wa gara. Bakan gizo shi ne lanƙwasasshen ginshiƙin da ke tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, kowane rabi kuma ana kiransa ƙafa. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki an sami ɗaurin guga. Tulluwa ita ce ƙullutun rufin da ake gani daga waje, indararo kuma shi ke fitar da ruwa daga kan soro.

3.0 Tarihin Dabarar a Taƙaice

Tun kafin kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa a Turai suna zana haƙarƙarin jirgi a kan faffaɗan daɓe da girmansa na gaskiya, ta hanyar lanƙwasa siririn katako da danne shi da nauyin dalma. Daga haƙarƙarin ne ake fitar da siffar jikin jirgin. Masana'antar mota ce ta mayar da wannan aiki lissafi. Paul de Casteljau ya fara aikinsa a kamfanin Citroën a ƙarshen shekarun 1950, Pierre Bézier kuma ya gina tsarin UNISURF a kamfanin Renault a shekarun 1960, duka a Faransa. A Amurka, Steven A. Coons na cibiyar MIT ya fitar da rahotonsa a 1967, inda ya nuna yadda za a cike sararin da layuka huɗu suka kewaye. William J. Gordon na kamfanin General Motors ya faɗaɗa dabarar a 1969 don ta karɓi ragar layuka masu yawa. A 1975 Ken Versprille ya gabatar da kundinsa a Jami'ar Syracuse a kan nau'in layukan da aka sani a yau da NURBS, waɗanda yawancin manhajojin zanen injiniya ke amfani da su.

Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne jerin aikin magini ya yi daidai da jerin wannan lissafi. Azara ba ta cika ɗaukar nauyin rufin ƙasa a tazarar da ta wuce mita biyu ba. Don a rufe babban ɗaki, magini yakan fara da ƙafafu: yana dasa azara a bango, ya ɗaure wata a kanta da igiya tana ɗan ƙara leƙowa ciki, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, har ƙafafun su haɗu a sama. Bakunan sun raba rufin zuwa ƙananan gurabe, sai a jera azara a kowane gurbi, a ɗora zana ko asabari, a zuba ƙasa. Iyaka ake fara tsayarwa, ciko ya biyo baya. Mai zane a kwamfuta ma haka zai yi.

4.0 Tushen Lissafin Coons

A ɗauka akwai layuka huɗu da suka haɗu baki da baki suka rufe gurbi. Biyu masu fuskantar juna a kira su c0 da c1, sauran biyun d0 da d1. Kowane wuri a cikin gurbin ana nuna shi da lambobi biyu, u da v, kowace tana tafiya daga 0 zuwa 1. Lissafin yana da matakai uku.

Na farko, a miƙa zaruruwa daga c0 zuwa c1. Wannan ya ba da shimfiɗa ta farko: A = (1 − v) × c0(u) + v × c1(u). Ta bi layuka biyu daidai, amma sauran gefunan nata miƙaƙƙu ne, ba su bi d0 da d1 ba.

Na biyu, a yi haka tsakanin d0 da d1: B = (1 − u) × d0(v) + u × d1(v).

Na uku, idan aka tara A da B an ƙidaya gudummawar kusurwoyi huɗu sau biyu. Don haka sai a samar da shimfiɗa ta uku, C, wadda kusurwoyin kaɗai suka haifar, a cire ta. Sakamakon shi ne S = A + B − C, kuma wannan shimfiɗa tana bin dukkan layuka huɗun ba tare da kauce wa ko ɗaya ba.

4.1 Misali da Rufin Zaure

A ɗauki zaure mai mita 5 a kowane gefe, mai ƙafa huɗu da suka tashi daga tsakiyar kowane bango suka haɗu a tsakiyar ɗaki. Rufin ya kasu gurbi huɗu, kowane mita 2.5 a gefe. Iyakokin gurbi ɗaya su ne ƙafa biyu da rabin bango biyu. A ce rufin ya taɓa bango a tsayin mita 4.00 ko'ina, mahaɗar bakuna tana mita 4.60, layin rufi a kan kowace ƙafa kuma yana sauka bisa ƙa'idar 4.60 − 0.60 × u × u, wato yana mita 4.45 a rabin hanya.

A tsakiyar gurbin, inda u da v duka 0.5 ne, A ita ce matsakaicin 4.45 da 4.00, wato 4.225. B ma 4.225 ce. C ita ce matsakaicin kusurwoyi huɗu, 4.60 da 4.00 sau uku, wato 4.15. Saboda haka S = 4.225 + 4.225 − 4.15 = 4.30. Manhaja za ta sa tsakiyar gurbin a tsayin mita 4.30.

4.2 Inda Lissafi Ya Rabu da Azara

Yanzu a duba abin da magini zai yi. Idan ya jera azara a karkace, daga wannan ƙafa zuwa waccan, wadda ta tashi daga rabin ƙafa ta farko ta sauka a rabin ta biyu tsawonta kusan mita 1.77 ne, kuma bakinta biyu suna mita 4.45. Azara miƙaƙƙiya ce, don haka tsakiyarta ma tana mita 4.45. Wannan wuri shi ne u = 0.25 da v = 0.25. Lissafin Coons a nan yana ba da A = B = 4.422, C = 4.338, S kuma kusan 4.51. Tsakanin rufin manhaja da rufin magini akwai bambancin kusan santimita 6 a wuri guda, alhali iyakokinsu ɗaya ne.

Darasin da ke nan shi ne mafi muhimmanci a duk maƙalar. Layukan iyaka ɗaya suna iya ɗaukar shimfiɗu marasa adadi, manhaja kuma ɗaya kawai take zaɓa bisa ƙa'idar da aka gina ta a kai. Wanda ya auna bakuna da bango kaɗai ya bar wa kwamfuta sauran, abin da ya samu a tsakiyar gurbi hasashe ne, ko da ya yi kyau a ido.

5.0 Matakan Aiki

5.1 Awo a Wurin Gini

Ana farawa da neman izinin mai gida, sannan a tsayar da layin daidaito guda a jikin bango da tiyon ruwa irin na birkiloli, domin daɓen ɗakin ƙasa ba ya zama daidai. Daga wannan layi ake auna kowane tsayi. A kan kowace ƙafa a ɗauki ɗigogi biyar zuwa bakwai, a rubuta nisan kowane daga bango biyu da tsayinsa. Wajibi ne a bambance layuka biyu da baka ke da su. Akwai cikinsa, wanda ke farawa can ƙasa a jikin bango, akwai kuma layin da gefensa ya gamu da rufi. Na biyun shi ne iyakar gurbi. Wanda ya ɗauki cikin baka a matsayin iyaka zai fitar da rufi mai zurfin ƙwarya, wanda bai yi kama da soron Hausa ba. A kowane gurbi kuma a auna aƙalla layi ɗaya a tsakiya, a rubuta inda azara ta dosa in ana ganinta. Inda akwai hali, hotuna masu yawa da aka ɗauka suna hawa kan juna za su ba da tarin ɗigogi ta manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, amma duhun zaure yakan rage ingancinsu, don haka tef bai rasa aikinsa ba.

5.2 Zana Layuka

Ana shigar da ɗigogin cikin manhaja a ratsa su da layi. Ƙa'ida ta farko ita ce a rage ɗigogin jagora gwargwadon iko. Layin da aka tilasta masa bin kowane ƙullutun yaɓe zai yi ta murɗewa, shimfiɗar da ta fito daga gare shi kuma ta tattare. A manhajar Rhino, wadda kamfanin Robert McNeel na Seattle ya fitar a 1998, umarnin Rebuild yana sake gina layi da adadin ɗigogin da aka zaɓa, yana kuma nuna iyakar kaucewarsa daga na asali. Yana da kyau layuka masu fuskantar juna su kasance da adadin ɗigogi ɗaya. Ƙa'ida ta biyu ita ce bakunan layuka su haɗu daram a kusurwoyi. A nan akwai abubuwa biyu da ɗalibai ke cakuɗawa: kuskuren awo a bangon ƙasa yana iya kai santimita ɗaya ko biyu, amma sassaucin manhaja ya kamata ya tsaya a milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Ba a buɗe sassauci don a rufe giɓi. Ana jan bakin layi ne a liƙa shi a ɗigo guda da aka amince da shi.

5.3 Zaɓen Umarni

Yawan layuka da yanayinsu ne ke nuna umarnin da ya dace. Idan layuka biyu ne zuwa huɗu da suka rufe gurbi, EdgeSrf na Rhino yana cike shi, kuma EDGESURF na AutoCAD yana yin irin wannan aiki da layuka huɗu, sai dai raga yake fitarwa, wadda SURFTAB1 da SURFTAB2 ke ƙayyade yawan idanunta. Idan an auna layukan tsakiya, NetworkSrf ne ya fi dacewa, da sharaɗin kowane layi na wannan jeri ya gitta dukkan layukan wancan jeri, kuma layukan jeri ɗaya kada su gitta juna. Idan ana son a bi azara sak, sai a raba gurbin gwargwadon yadda aka jera ta, a haɗa layi da layi da Loft mai miƙaƙƙun zaruruwa. Umarnin Patch yana karɓar iyaka mai gefe biyar ko fiye, amma kusantar layukan yake yi sannan ya datse abin da ya yi saura, don haka a mayar da shi mafita ta ƙarshe. Ga wanda ba shi da kuɗin lasisi, FreeCAD tana da kayan cike gurbi a sashenta na shimfiɗa, Blender kuma tana da Grid Fill na raga.

5.4 Gurbi Mai Gefe Uku

A ɗakunan da bakuna suka yi yawa, gurabe masu gefe uku ba sa ƙarewa. Shimfiɗar NURBS kuwa a asalinta mai gefe huɗu ce, kamar zane a kan masaƙa mai zaren tsaye da na kwance. Idan aka ba ta gefe uku sai ta tsuke na huɗun ya zama ɗigo, dukkan zaruruwa su taru a can. A wannan ɗigo ne matsala ke tasowa idan aka zo ba rufin kauri ko haɗa shi da maƙwabcinsa. Magani biyu ne: ko a gina shimfiɗa mai gefe huɗu da ta fi gurbin girma a datse ta da layukan bakuna, ko a sa ɗigo a tsakiyar gurbin a ja layi daga gare shi zuwa tsakiyar kowane gefe, gurbin ya koma ƙananan gurabe uku masu gefe huɗu.

5.5 Matakin Haɗuwa

Haɗuwar shimfiɗa biyu tana da matakai. A matakin G0 bakinsu ya haɗu amma ana iya ganin karaya. A G1 karkatarsu ta zama ɗaya a mahaɗa, karaya ta ɓace. A G2 har ƙarfin lanƙwasarsu ya daidaita. A misalin zauren da ya gabata, idan aka jera gurabe biyu na Coons gefe da gefe, za su yi karayar kusan digiri 7 a rabin ƙafa. Daga cikin ɗaki wannan ba laifi ba ne, domin jikin baka ya rufe mahaɗar, G0 ya wadatar. Daga waje lamarin ya bambanta. Magini yakan shafe tulluwa ta zama sumul don ruwa ya gangara zuwa indararo, saboda haka a nan ana buƙatar G1, kuma ya fi kyau a auna tulluwar daban a gina ta da ragar layuka guda. Matakin G2 na jikin mota ne da makamantansa, neman sa a ginin ƙasa ƙari ne a kan abin da hannu ya yi. Umarnin Zebra yana zuba ratsi a kan shimfiɗa, inda ratsin ya tsinke a mahaɗa akwai karaya.

6.0 Misali na Biyu: Rumbun Ƙasa

Rumbun ƙasa, wanda ake kira rufewa a wasu wurare, yana jan mai zane zuwa ga hanya mafi sauƙi, wato ya zana gefe ɗaya ya juya shi da umarnin Revolve. Wannan yana ba da rumbu mai cikakken da'ira kamar an fitar da shi daga injin. Rumbun gaske da hannu ake ɗora shi zobe bisa zobe, yakan ɗan karkata, cikinsa kuma ba ya zama da'ira cikakkiya. A ce faɗin cikinsa mita 2.4 ne ta wannan fuska, 2.2 ta waccan. Filin zoben ya kama kusan murabba'in mita 4.15. Wanda ya juya gefe mai faɗin 2.4 zai sami 4.52, ƙarin kashi 9 cikin 100. Ga mai nazarin tattalin arzikin gandu da ke son sanin dami nawa rumbu ke ci, wannan ƙari ba ƙarami ba ne.

Hanyar da ta fi ita ce a auna zobba biyar ko shida daga gindi zuwa wuya, a haɗa su da Loft. A lura da abu biyu. Kowane rufaffen zobe yana da mafari, kuma dole mafaran su jeru a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kuma zobban su juya ta fuska ɗaya. In ba haka ba shimfiɗar za ta murɗe kamar wankakken zane da aka matse. Ƙofar rumbu kuwa bayan an gama jikin ake datse ta.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Mai Nazarin Hausa

Siffar da aka ajiye a kwamfuta takan fi ginin da aka auna tsawon rai. Ranar da soron ya faɗi, ita ce za ta zama hujja ga ɗalibi da mai gyara da mai rubuta tarihi. Wannan ya sa ake ba da shawarar ƙa'idoji uku.

Ta farko, a raba abin da aka auna da abin da manhaja ta cike, ta hanyar ba su launi daban, a kuma ajiye ɗigogin asali tare da siffar. Ta biyu, kada a gyara wa magini aikinsa. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta tsayi da santimita 10 bayani ce a kan yadda aka yi ginin ko yadda ya zauna, kwafe gefe ɗaya a manna a ɗayan kuwa yana shafe wannan bayani. Ta uku, a sanya wa kowane layi da kowace shimfiɗa sunan da maginan wurin ke kiransa da shi. Ƙasar Danja tana tsakanin Katsina da Zazzau da Kano, don haka wuri ne da ya dace a gwada ko sunayen sassan gini da aka tattara a manyan birane su ne ake amfani da su a karkara. Layi a allo da ke ɗauke da suna daga bakin magini ya zama shigar ƙamus mai nuna daidai abin da kalmar ke nufi, abin da bayanin jimla ɗaya ba ya iya yi. Wannan aiki ne da sassan nazarin Hausa za su iya haɗa hannu a kansa da sassan tsara gine-gine, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ba ta da nisa da yankin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa samar da shimfiɗa daga layukan iyaka dabara ce da ta dace da rufin soro, domin magini ma bakuna yake fara tsayarwa kafin ya cike gurabe. An bayyana lissafin Coons a matakai uku, aka gwada shi a gurbin zaure mai mita 2.5, aka ga ya saɓa wa jerin azara da kusan santimita 6 a wuri ɗaya, aka kuma ga juya gefe ɗaya na iya ƙara wa rumbu kashi 9 cikin 100 na filin zobensa. Daga nan aka fitar da cewa awon iyaka sai an haɗa shi da awon tsakiya da lura da inda azara ta dosa. Abin da ya rage shi ne a fita da tef da tiyon ruwa zuwa zaurukan da ke tsaye a ƙasar Danja, a fara da waɗanda rufinsu ya soma yoyo, a kuma zauna da maginan da suka rage a rubuta sunan kowace ƙafa da kowane gurbi daga bakinsu.